Baturen Rediyo da Kunnen Maigidana

Tun muna sabon aure maigidana yake aikin masaƙa a Bompai. A can wani Bature injiniya ya lura yana son waƙa, sai ya riƙa ba shi kaset-kaset da ƙanwarsa ke naɗo masa daga wani gidan rediyon waƙoƙi a Ingila. Duk shirin wani Bature ɗaya ne, mai surutu kamar an buɗe famfo. Ya sa waƙa, ya yi tallan sabulu, ya ce ana ruwa, kowa ya ɗauki lema. Mu kuwa muna Zawaciki muna zufa, ruwan da yake faɗa ya ɗauke tun watanni.

Ni dai mutumin bai kwanta mini ba, surutunsa ya ishe ni. Amma maigida ya haddace shi tsaf. Yana aske gemu yana kwaikwayonsa, wai shi ma wata rana zai bar masaƙa ya shiga rediyo.

Na ce, "Baban yara, ka bar ta tun kunnenka na aiki."

Don a lokacin sai na maimaita magana kafin ya ji. Ƙarar injin saƙa ce. Duk wanda ya daɗe a cikinta da ihu yake magana, ko a coci ne.

Baturen rediyon ba ya zama wuri ɗaya. Kaset ya zo da sabon take, injiniya ya ce wata tasha ta ɗauke shi. Ba a jima ba, wata kuma. Maigida ya ce, "Kin gani ko? Mai basira ba ya tsufa a wuri guda." Sai shi ma ya tashi, daga masaƙar Bompai zuwa ta Sharada, daga ta Sharada zuwa ta Challawa. Amma duk inda ya je gaban inji ake tsayar da shi, tunda abin da ya iya ke nan. Na yi faɗa har na gaji. Da ƙyar ya je gwajin murya a wani gidan rediyo, suka ce yana ɗaga murya da yawa. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Da injiniyan zai koma ƙasarsu, ya aiko direba da kaset na ƙarshe. Yanzu Baturen rediyon yana wata tasha a ƙaramin gari, sai tsofaffin waƙoƙi da tallan kujeru. Muryar ta dushe, dariyar ma ta dole ce. Wallahi sai ya ba ni tausayi, ni da na sha yi masa tsaki.

Wata Lahadi bayan mun dawo coci, ina tsintar shinkafa a bakin ƙofa, maigida ya ƙure rediyon, ya kishingiɗa, ido a rufe. Kaset ya ƙare, madannin ya yi ƙas, ɗakin ya yi tsit. Shi kuwa bai daina kaɗa kai ba, yana murmushi, yana buga yatsa a gwiwa.

Ya ce da ƙarfi, "Maman yara, kin ji shi? Har yanzu da sauransa."

Na ajiye tire a hankali, na zagaya ta bayansa, na juya kaset ɗin na kunna.

Na ce, "Na ji shi."

Bai juyo ba.