Katin Rezo a Kwallar Kaka

Jiya na shiga wani buro, wato ofis, a Maradi, na ji kukan fankar tsohuwar kwamfuta, sai na tsaya ina saurare. Irin kukan da na taso ina ji ne a shagon Baffana a Gazawa, shekarar da soja suka yi alkawarin mayar da mulki, ko'ina zancen zaɓe ake yi.

Mu a gidanmu ba zaɓe ne a ranmu ba. Babana yana Libiya, ya aiko cewa in aka sa wa kwamfutar Baffa rezo, wato intanet, za mu ga fuskarsa. Baffa ya sa aka sawo katin rezo da ake sakawa cikin kwamfuta daga Katsina. Ɗan falle ne kore, mai haƙora kamar zinariya. Ranar da ɗan kabu-kabu ya kawo shi Baffa yana gona a Gidan Sori, sai Kaka ta karɓa. Ta cire shi daga ledarsa, ta naɗe a tsumma, ta sa a kwallar da take ɓoye abin da take ji da shi. A ciki har da kanwarta ta miya. Damina ce, ɗaki ya yi raɓa, ga Baffa bai dawo ba sai bayan noman farko.

Na tuna yadda ya kwance murfin kwamfutar da turnabis, ya danna katin cikin raminsa, ya jona waya. 'Yar fitilar bayan katin ba ta kama ba. Ya sauya rami. Ya sa faifan da ya zo da katin, kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Da ya ɗaga shi a haske, haƙoran sun yi tsanwa. Ya shinshina, ya gane kanwa ce da raɓa suka ci su. Ya ari gom ɗina na goge fensir a lakol ya yi ta gogawa, ni kuwa ina ta tsoron kada in yi numfashi in ƙara ɓata wani abu.

Kaka tana bakin ƙofa, ta ɗaura sabon kallabi.

"Angona, uban naka ya fito?"

Baffa ya riga ni. "Inna, kayan banza suka saido mamu."

"Allah ya isa," in ji ta. "Da irin adanar da na yi mashi!"

Kafin a kawo wani katin faɗa ya ɓarke a Libiya, lambar Baba ta daina shiga. Da sabon katin ya zo fitilar ta kama, amma babu wanda za a kira. Kaka ta rasu lokacin girbi mai zuwa, tana yi wa 'yan kasuwar Katsina Allah ya isa.

Yau 'ya'yana suna ganin fuskar duk wanda suka so a tafin hannu, har su kashe waya in sun gaji. Ni ba na iyawa. Ko caji ya rage kaɗan sai in kasa cin abinci, don ban canza lambar gidanmu ba, kuma ban san ranar da za ta yi ƙara ba.