Shekarar da Na Koyi Aikin Ƙoda

Yayana ne ya kai ni Ƙwanni da kansa, a gaban kamiyon simintin da yake tuƙawa, katifata a naɗe bayan kujera. Mu biyu ne maza a wajen Inna, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da gidanmu na Malbaza. Bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Da ya ga ni na yi, sai ya ƙudura cewa sai na shiga cikin masu farar riga da ke awon jini da fitsari a labon asibiti. Ya sauke ni ƙofar lakwal ɗin kiwon lafiya, ya leƙo ta taga ya ce, "Ka dage. Gidanmu ba a taɓa yin likita ba."

A shekarar farko ba a barin ɗalibi ya taɓa jinin kowa. Sai ka fara sanin jikin da jinin ke gudana a ciki. Anatomi ta zo mini da sauƙi, don hadda ce, ni kuwa na saba da hadda tun makarantar allo. Akwai wani ƙwarangwal na roba a kusurwar aji, hannunsa ɗaya ya ɓace tun kafin zuwanmu, a jikinsa muka koyi sunayen ƙasusuwa da Faransanci. Abin da ya gagare ni shi ne shimi organik, wato ilmin haɗuwar sinadarai. Malaminta daga Tawa yake zuwa, kullum a gaggauce, ya cika tablo da sarƙoƙin karbon da zobba masu kusurwa shida, kafin ka gama kwafe layin farko ya goge. In na zauna bita sai in ga harufan suna yawo kamar tururuwa. Na tambayi abokan aji, na sake tambaya, har na fara jin kunya na daina.

Fiziyoloji kuwa, wato yadda sassan jiki ke aiki, wani dattijon majo ne, babban ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, yake koya mana. Shi ba ya sauri. Wata safiya ya zana ƙoda a tablo, ya ce ita ce matatar jini, tana tsame dattin da ake kira ure ta zubar da shi cikin fitsari. Sannan ya ajiye alli ya dube mu.

"Ƙoda ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa," in ji shi. "Hawan jini na cin ta a ɓoye. Maganin ciwon jiki da ake sha ba bisa ƙa'ida ba na cin ta. Ran da kuka ga ƙafa ta kumbura, fuska ta tashi da safe, fitsari na kumfa, mutum na susa ba ƙurji, to an daɗe ana ɓarna."

Kowa na rubutu, ni bik ɗina ya tsaya. Da hutun Sallah na ga yayana ya take bayan takalminsa saboda ƙafar ta ƙi shiga. Na ga yana susar damtse har fatar ta yi fari. Kuma shekaru ke nan yana sayen jajayen ƙwayoyi a wajen masu talla a tasha, ya kora da shayi, don ciwon bayan da tuƙi ya sa masa.

Ƙarshen mako na hau mota zuwa gida. Na same shi a tsakar gida yana gyara fitilar hannu, matarsa na dama fura. Na durƙusa na danna babban yatsana a ƙwaurinsa. Da na ɗaga, ramin ya zauna, bai ciko ba.

"Yaya, mu tafi a auna jininka."

Ya yi dariya. "Zaman mota ne. Duk direba haka ƙafarshi take."

"Ba zaman mota ba ne. Ƙodarka nake tsoro."

Inna na bakin ɗakinta tana jinmu. Ta ce, "Daga zuwa lakwal sai ka dawo kana yi ma ɗan'uwanka mugun baki? Wanga karatu kuwa na alheri ne?"

Na miƙe na bar zancen. Ni ƙane ne, kuma ko allura ba a ba ni izinin riƙewa ba tukuna. Na koma Ƙwanni, ina kiransa a waya, yana cewa sai ya dawo daga wannan lodin, sai bayan wancan. Watanni suka shuɗe a haka.

Ana cikin zafin bazara aka kira ni daga aji. Amai ya kama yayana a hanya, ya tsayar da kamiyon ya kasa sake hawa, wasu direbobi suka kawo shi asibiti. Na tsaya a tagar labo ina kallon wata mai farar riga tana jujjuya kwalbar jininsa, a daidai irin wurin da yake so ya ga na tsaya. Da sakamako ya fito ban jira likita ba, na karanta. Ure da wani dattin da ake kira kreyatinin sun haye nesa da inda majo ya ce a fara tsoro. A duk shimi, siffar ure ce kaɗai na iya zanawa ba kuskure, don ƙarama ce. Na tsaya ina ganin ta a raina, ga ta nan ta cika jinin ɗan'uwana, ba kuma abin da zanen zai rage.

Likita ya ce ƙodojin biyu sun gaza. Abin da ya rage shi ne wankin jini da inji, kuma sai an je Yamai, a zauna can, a riƙa yi kowane mako.

"Har yaushe?" in ji yayana.

"Har iyakar rai," likita ya amsa a hankali.

Da muka fito ya zauna a benci ƙarƙashin dogon yaro, ya ce in bayyana masa da Hausa, tun daga farko. Na bayyana masa duka, yadda jini ke shiga ƙoda, yadda ake tace shi, abin da injin zai yi a madadinta. Ban taɓa ba da darasi mai kyau kamar wannan ba. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai.

"Lalle ka yi karatu," ya ce. "To kai ni gida."

Na roƙe shi. Na ce zan bar lakwal in zauna da shi a Yamai. Ya ce ba zai kwashe Inna da mata da 'ya'ya ya zube su a garin da ba su da kowa ba, don a ja masa rai da inji. Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya miƙo hannu in tashe shi.

Na yi jarrabawar ƙarshen shekara ina zirga-zirga tsakanin Ƙwanni da Malbaza. Na ci anatomi. A fiziyoloji babbar tambayar a kan ƙoda ta fito, na zo na ɗaya a aji, majo har ya kira ni ya yi mini barka. Shimi na faɗi warwas. Aka ce mu da muka faɗi mu dawo bayan damina mu sake.

A gida na san kowace alama kafin ta zo. Na san numfashinsa zai canja wari, na san zai fara barci da rana yana ruɗewa, na san ruwa zai hau ƙirjinsa. Inna da matarsa suna ganin sauƙi duk ranar da ya sha kunu ya zauna, suna cewa jiki ya yi kyau. Ni kaɗai ba ni da wannan hutun. Na hana shi gishiri, na auna masa ruwan sha, Inna ta bar ni ina yi, ba ta sake ce mini komai a kan karatu ba. Ya rasu wata Laraba da hantsi, gero na fitar da kai.

Ranar sake jarrabawar ina tasha, mai kamiyon da yayana ya tuƙa ya ba ni aikin kula da lodi saboda mutuncin marigayi. Gidan na buƙatar namiji, ni kaɗai na rage. Shekaru sun shuɗe, 'yan ajinmu sun gama tuni, wasu na aiki a Alela, wata a Tajaye. Daraktan lakwal ya aiko mini sau da yawa cewa gurbina na nan, shimi kaɗai zan biya in wuce. Kowane lokaci nakan ce masa ina nan tafe bayan girbi. Bara bai aiko ba.