Ƙyallen Inna a Cikin Babur

Duk abin da shekaru suka goge mini, safiyar da babur ɗin Baba ya ƙi tashi tana nan daram a raina, kuma na san da ita zan tsufa.

Damina ce, ta farko bayan rasuwar Inna. Yayata da ke aure a wani ƙauye can hayin iyakar Benin, gaba da Illo, ta haifi mace, aka ce sunan Inna za a sa mata, kuma Baba ne zai raɗa da bakinsa. Ba ranar kasuwa ba ce, babu motar da za ta bi wannan hanya, babur ne kaɗai dogaronmu.

Na fito da kwanon cincin a lulluɓe, na tarar da Baba yana ta buga kiki har gumi ya jiƙa masa rigar sunan. Babur ya yi shiru kamar mai fushi.

"Baba, ko mu aika a ce su raɗa kawai?"

"Sunan uwarki wani zai faɗa ina raye? Aje kwanon nan ki riƙe min sukundireba."

Baba ba makanike ba ne, manomin shinkafa ne, amma ya daɗe da wannan babur. Ya ce mashin kamar mara lafiya yake, ana tambayarsa ne a hankali, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya girgiza tanki, muka ji fetur yana motsi. Ya kwance fulogi ya jingina shi a jikin inji, ya ce in buga kiki shi kuma ya duba ko zai ga tartsatsi. Na buga da takalmin kwalliyata, na kusa kifewa.

"Wannan bugu naki ko kaza ba ya tayarwa," ya ce yana dariya. Rabona da jin dariyarsa tun Inna na da rai.

Tartsatsi bai fito ba. Ya murɗa makulli ya danna hon, sai wani ɗan nishi kamar na jariri. "Wuta ce ba ta isowa. Irin wannan, in batir bai ba shi ba, ko kiki bai tashe shi."

Rana ta fara ɗagawa. Ya kwance murfin gefe, wanda ya ce rabonsa da buɗewa tun bara. Sai na ga hannunsa ya tsaya.

An naɗe batir ɗin tsaf da ƙyallen atamfa shuɗiya mai zanen ganye, an ƙulle shi da irin ƙullin da Inna take yi wa kwanon tuwo. Na san zanen. Da shi take zuwa kasuwar Illo.

Baba ya shafa ƙyallen da yatsa. Can ya ce, "Ran da munka ƙetare fadama ruwa ya shigar mishi, ta ce za ta rufe mishi ƙirji kada sanyi ya kama shi. Na ɗauka wasa takai."

Ƙyallen ya sha danshi ya riƙe, bakin batir ya yi wani farin gari mai kore-kore, har ya ci kan waya. Abin da ta yi don kariya shi ya hana wuta wucewa. Baba bai yanke ƙullin ba, ya zauna ya warware shi da farce a hankali, ya miƙo mini. Na kawo ruwan zafi ya wanke wurin, ya kankare da wuƙa har ƙarfe ya yi haske, ya ɗaure waya. Bugu na biyu babur ya ɗauka.

Mun isa hantsi ya yi, mutane na zaune bisa tabarmi suna jira. Baba ya karɓi jaririyar, ya sunkuya a kunnenta ya faɗi sunan. Daga baya na wanke ƙyallen, na yanke inda ruwan batir ya ci, sauran na ɗinka wa takwarar Inna 'yar hula.

Tun ranar na koyi cewa in abu ya ƙi maka, kada ka yi saurin fushi da shi. Ka buɗe a hankali, don wani lokaci abin da ya tsayar da kai hannun wanda ya so ka ne.