Rediyon da Inna ke amsa wa sallama

Ɗazu wani ya yi sallama a bidiyon waya, na amsa masa. Jikata ta yi ta dariya, ni kuwa sai na tuna mahaifiyata, Inna.

Bayan samun 'yancin kai kaɗan, Baba ya sayar da auduga a Funtuwa ya dawo Tsiga da rediyo. Da mai labarai ya yi sallama, sai Inna ta ajiye rariya ta amsa.

Rannan Baba zai kashe don tattalin batir, ta ce, "Malam, bari ya gama. Ba a katse baƙo a gidana."

Ya ce, "Ai ba ya jin ki."

Ta ce, "Yaran nan suna ji."

Har yau ban iya katse wa kowa waya ba. Allah Ya saka wa Inna da Aljanna. Ku wa ya koya muku sauraro?