Ma'aikaciyar Jinyar da Ta Hana Mu Titsiye Baba

Ina tsoron rubuta wannan jinjina, domin ƙwaƙwalwa takan yi wa abin da ya wuce kwaskwarima ba da sanin mai ita ba. Saboda haka sai da na tuntuɓi yayata a kan duk abin da zan faɗa.

Sista Babba, kamar yadda ake kiranta a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki, takan iso da sassafe, ta buɗe tagogi, ta bi gado-gado tana gaisuwa. Kowace safiya sai ta faɗa wa majinyaci sunanta da ranar da ake ciki, ko da jiya ta faɗa masa. Takan ce sabon abu ne ke fara zamewa daga ƙwaƙwalwa, tsohon kuwa yana nan kwance, jiran abin da zai taso shi yake.

Da aka kwantar da mahaifinmu, wanda kafinta ne, ya daina gane mu. Kullum ina tsaye a kansa ina tambayar ko ya san ni, shi kuwa sai ya kawar da kai cikin kunya. Ta ja ni gefe, ta ce, "Ɗana, dubiya ka zo ko jarrabawa? Ko ni aka titsiye haka, sai in manta sunan mijina." Ta sa na kawo guntun katako da sanfefa, takardar gugar katako, daga shagonsa.

Ya shinshina katakon, hannunsa mai lafiya ya kama guga da kansa. Can ya ɗago, ya ce a karkace na riƙe masa, kamar kullum, ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi tun ina yaro. Yayata ta fice tana kuka.

Sista, ke ce ba ki yi mana alkawarin zai koma yadda yake ba, kuma bai koma ba. Har yau wasu safiyoyin baƙi ne mu a wurinsa. Amma kin nuna mana ta inda ake samunsa. Mun gode, uwar marasa lafiya, Allah ya saka miki. Masu jinya su yi koyi da ke.

A wannan wata Sista ta yi ritaya. Wurin taron sallama, ta ce damuwarta ɗaya ce: tsofaffin da ba mai zuwa ya zauna da su. Na miƙe, na ce, "Sista, ki huta. Duk ranar hutuna ni zan zo."