Mai Ganin Watan Kashin Zama

Shekara talatin mutanen Kashin Zama ba sa ɗaukar azumi da natsuwa sai sun ji daga bakin Malam Attahiru, manomin albasa. Da rana ta faɗi zai tsaya bayan gidansa, ya kafa ido a guntun bututun ban-ruwa yana neman jinjirin wata, matarsa Uwani na tsaye a bayansa riƙe da buta. Da ya ce "An gani," magana ta ƙare.

Uwani ta rasu da damina. Azumin da ya biyo baya Malam ya fita, ya dawo ba tare da "An gani" ba.

'Yarsa Raihana, malamar firamare a Jega, ta ɗauka bututun ne ya gaza. Ta zo da hotunan madubin hangen nesa a wayarta, manya da ƙanana, ta ce ya zaɓa. Ya karɓi wayar, ya riƙe ta a kife, ya daɗe yana kallon bayanta.

"Baba, ka juya ta."

Ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Ɗiyata, shekara shida rabona da ganin wata. Uwakki ka gani, ta taɓa min kafaɗa, ni ko in faɗi. Ban taɓa cewa na gani ba."

Raihana ta ɗauki wayar daga kan tabarma.

"Zaɓi wanda ya yi daidai da tsawonki, ke za ki riƙa dubawa," in ji shi. "Ni kafaɗa kawai ta rage min."