Ranar da Kesmira Ta Ƙi Buɗe Ƙofar Yamma

Duk wanda ya tashi a gindin ganuwar Sayelun ya san Kesmira, matar nan mai tulun mai a kafaɗa da tsumma a ɗamara. Gidansu ɗaya ne cikin gidaje goma sha biyu na masu tsaro, waɗanda Dogayen Kunne, ainihin masu Sayelun, suka bar wa birnin ranar da suka ɗaure kayansu suka nufi bayan duwatsu, tun zamanin kakan kakan kakanta. Kowane gida da gadonsa. Wasu sharar titi, wasu yasar magudanar ruwa. Gidan su Kesmira ƙofofi ne rabonsu: a shafa wa kowace mai, kada ta cije ranar da masu ita za su dawo.

Tana shekara tara ta fara bin mahaifinta da tsani, don ƙofar Dogon Kunne ta ninka tsawon mutum. Ta ga ɗakunan da iska ba ta ratsawa, da gadajen da ƙura kaɗai ke kwana a kai. Amma doka ta ce rana ba ta faɗuwa da ɗan adam a cikin birni, don haka a bukkokin laka suke kwana a wajen ganuwa. Kesmira ba ta taɓa ganin cuta a wannan ba. Ƙanwarta Ulma ce mai tsaki, takan ce su dai bayin ɓeraye ne, tunda ɓeraye ke morar birnin. Ulma ta auri wani makiyayin awaki a ƙauyen kwari ta huta. Kesmira ta auri mai sharar titi, ya rasu da wuri bai bar mata ɗa ba, kuma da mahaifinta ya kwanta dama mabuɗin Ƙofar Yamma ya dawo hannunta.

Shekarar da ta cika arba'in, ana tsakiyar sanyi, dutse ya zaftare ya binne ƙauyen kwari. Waɗanda suka tsira, wajen mutum sittin, suka hauro da yamma cikin dusar ƙanƙara har gwiwa. Ulma na gaba, goye da ɗa, tana jan biyu, mijinta yana ƙarƙashin dutsen. Aka cusa tsofaffi da masu rauni a bukkoki har babu masaka tsinke, saura suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Magrun, shugaban masu tsaro, ya yi dogon jawabi a kan amana, ya ƙare da cewa mabuɗi dai a hannun Kesmira yake, ita ta san abin da ta rantse wa ubanta. Ya koma gefe ya naɗe hannu.

"Yaya, ɗaki ɗaya," in ji Ulma. "Ko cokali ba za mu taɓa ba. Sanyi na wucewa mu fita."

Kesmira ta ce ba nata ba ne balle ta bayar. Ta roƙi a bar mata yaran ta nema musu lungu, Ulma ta ce ba ta barin 'ya'yanta a hannun dutse. Ta karɓi hatsin da aka miƙo mata, ta bar bargon Kesmira a ƙasa.

"Ki lulluɓa wa ƙofarki, kada ta ji sanyi."

Suka kama hanyar garin Harn, tafiyar kwana huɗu ta kan tsauni. Mutum goma sha ɗaya ba su isa ba. Biyu na Ulma ne. Kesmira ta ji labarin a bakin wani falke, ta ɗauki tsaninta ta tafi aiki. Abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne tunanin cewa wata rana masu birnin za su dawo su ga ba a ci amanarsu ba.

Bayan shekara ashirin da uku ɗaya daga cikin masu birnin ta dawo, ita kaɗai, a kan doki. Nimreya sunanta, fuskarta kamar ta budurwa, alhali a gabanta aka gina rabin birnin. Reshe ta zo yanka daga wata bishiya a tsakar gidan uwarta. Kesmira ta raka ta, gwiwoyinta na ciwo, har ta samu bakin tambayar yaushe sauran ke tafe. Nimreya ta ce babu mai tafe, sun gina wani birnin da ya fi wannan rana. Kesmira ta ambaci amanar da aka ba kakansu Tarbuk. Baƙuwar ta yi murmushi.

"Yaron nan mai koran alfadarai, mai tari? Ni ce ma na ce masa ya ja ƙofa kada awaki su cinye mini furanni."

Kesmira ta tambaya, da a ce mutane sun kwana a ɗakunan nan cikin sanyi fa? Nimreya, tana naɗe reshenta a cikin tsumma, ta ce ai ɗaki don kwana aka gina shi. Kafin rana ta yi tsaka ta hau dokinta.

Da Kesmira ta kai wa dattawa maganar, ɗan Magrun, wanda ya gaji ubansa, ya ce tsufa ya taɓa mata kunne. Ya ja ta gefe ya ce ko da gaskiya ne ta bar shi a cikinta, don in babu amana, su kuma su waye? Ta ajiye masa mabuɗin ta kama hanyar Harn.

Ta sami Ulma tana saƙa a bakin zauren ɗanta, wanda ya tsira a goye a waccan tafiyar. Ulma ta saurara har ƙarshe, hannunta bai tsaya ba.

"Tafiyar kwana huɗu kika yi don ki gaya mini sun mutu a banza? Ni tun ranar na sani."

Ta sa aka ba Kesmira ruwa, ba ta sa an shimfiɗa mata tabarma ba. Kesmira ta koma bukkarta don ba ta da wani wurin. Ta yi shekara huɗu tana kiwon kaji, ba ta ƙara magana a taron dattawa ba. Ta rasu farkon damina. An aika wa Ulma, ta ce ƙafarta ba ta hawan tsauni.